BABI NA UKU: HANYOYIN GANE BAMBANCIN HATIMI A JIKIN TSOFAFFIN KUƊIN AZURFA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin yadda kuɗin azurfa suka shigo Borno da ƙasar Hausa ta hanyar fatauci. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da masu tara tsofaffin kuɗi da masu nazarinsu suke bi wajen gane hatimin da aka buga kowace ƙwayar kuɗi da shi. Za a fara da ma'anar hatimi da yadda ake ƙera shi, sannan a kawo ire-iren bambance-bambancen da ake samu, da matakan bincike, da kuma matsalolin da mai nazari yakan ci karo da su. An ɗauki liyari, wato kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, a matsayin babban misali. Dalili kuwa shi ne, duk liyarin da aka buga bayan rasuwarta yana ɗauke da shekarar 1780 a jikinsa ko da yaushe aka buga shi. Saboda haka duk wanda ya dogara da shekarar da ya gani a rubuce, yana iya ɗaukar kuɗin da aka buga a 1950 a matsayin na ƙarni na 18.

3.1 Ma'anar Hatimi da Bambancin Hatimi

Abin da ake nufi da hatimi a wannan nazari shi ne guntun ƙarfe mai tauri wanda aka sassaƙa zane da rubutu a kansa, ake danna shi a kan faifan azurfa domin zanen ya fito. Kowace ƙwayar kuɗi tana buƙatar hatimai biyu, ɗaya na fuska, ɗaya na baya. Ana sanya faifan azurfar a tsakaninsu, a matse da ƙarfi, sai azurfar ta shige cikin ramukan zanen. Wannan ya sa duk abin da yake rami a jikin hatimi yakan fito tudu a jikin kuɗi, abin da yake tudu a hatimi kuma ya fito rami a kuɗi. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin dukkan bayanan da za su biyo baya.

Bambancin hatimi kuwa shi ne wata alama da take jikin hatimin kansa, wadda ta raba shi da sauran hatiman da aka yi domin buga kuɗi iri ɗaya. Tun da alamar a jikin hatimi take, dole ne ta bayyana a kowace ƙwayar da aka buga da shi, a wuri ɗaya kuma da siffa ɗaya. A nan ne ya sha bamban da kuskuren bugu. Idan faifai ya goce a lokacin bugawa har zanen ya karkata gefe guda, wannan ƙwaya ɗaya kawai abin ya shafa, ta gaba za ta fito daidai. Haka nan ya sha bamban da lahanin da kuɗi ya samu bayan ya bar gidan bugawa, kamar karce ko lotsawa ko huda. A taƙaice, sharaɗin bambancin hatimi shi ne maimaituwa. Sai an sami aƙalla ƙwayoyi biyu masu alama iri ɗaya sak kafin a tabbatar cewa daga hatimi alamar ta fito.

3.2 Yadda Ake Ƙera Hatimi

A ƙarni na 18 da farkon na 19, yawancin aikin ƙera hatimi da hannu ake yin sa. Masassaƙi yakan buga babban hoto, kamar kan sarauniya, da wani ƙarfe mai ɗauke da siffar hoton. Daga nan sai ya ɗauki ƙananan ƙarafa masu harafi ɗai-ɗai ya riƙa buga haruffa da lambobi da ɗigo-ɗigo a kewaye, da guduma. Bayan ya gama sai a gasa hatimin a wuta a tsoma shi a ruwa domin ya yi tauri. Tun da aikin hannu ne, ba zai yiwu hatimai biyu su zo daidai ta kowace fuska ba. Tazarar da ke tsakanin haruffa, da matsayin ɗigo, da karkatar lamba, duk sukan bambanta.

Daga baya aka koma amfani da uwar hatimi, wato ƙarfe guda mai ɗauke da kusan dukkan zanen a tudu, wanda ake dannawa a kan sababbin ƙarafa a fitar da hatimai masu yawa masu kama da juna. Wannan ya rage bambance-bambance, amma bai kawar da su ba. Sau da yawa sai an danna uwar fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna sosai, ana gasa ƙarfen tsakanin dannawa da dannawa domin ya yi laushi. Idan aka ɗan goce a karo na biyu, sai zanen ya ninku. Bugu da ƙari, a wasu gidajen an ci gaba da buga shekara da alamar gida da hannu har bayan samuwar uwar hatimi.

3.3 Ire-iren Bambance-bambance

Za a iya karkasa bambance-bambancen hatimi gida biyu: waɗanda suka samu tun wajen ƙira, da waɗanda suka samu a lokacin da hatimi yake aiki.

3.3.1 Bambancin da Ya Samo Asali Daga Ƙira

(a) Canjin zane. Wannan shi ne inda aka sauya wani ɓangare na zanen da gangan. Misalin da ya shahara shi ne na dalar azurfa ta Amurka wadda ake kira dalar Morgan, da aka buga daga 1878 zuwa 1904, sannan a 1921. A farkon 1878 mikiyar da ke bayanta tana da gashin jela takwas. A cikin shekarar aka mayar da su bakwai. Maimakon a jefar da tsofaffin hatimai, sai aka danna sabuwar uwa a kan wasunsu, don haka aka sami kashi na uku inda bakin tsofaffin gasu yake leƙowa a ƙarƙashin sababbin.

(b) Ninkin zane. Wannan yakan faru ne sakamakon gocewar uwar hatimi kamar yadda aka bayyana a 3.2. Ana gane shi da cewa zane na biyu yana da tsayi da kauri kamar na farko, kuma bakin haruffa yakan rabu biyu. Akwai wani ninki na daban wanda girgizar injin ke haddasawa a lokacin bugawa. Shi wannan a kwance yake kamar an shafe gefen harafi, kuma ba a lissafa shi cikin bambancin hatimi.

(c) Bugu a kan bugu. A nan ana samun lamba a kan lamba ko harafi a kan harafi, domin ƙarfen hatimi abu ne mai tsada wanda ba a son a yi asararsa. Gidan buga kuɗi na Carson City a Amurka, mai alamar CC, ya daina bugawa a 1893. Hatiman da suka rage aka buga musu harafin O na gidan New Orleans aka yi amfani da su a 1900. Har yanzu ana ganin ragowar CC a ƙarƙashin O a jikin waɗannan daloli.

3.3.2 Bambancin da Ya Samo Asali Daga Aiki

(a) Tsagewa. Yawan matsi yakan sa hatimi ya tsage. Azurfa sai ta shiga tsagar ta fito a jikin kuɗi kamar siririn zare mai tudu. Wannan shi ne ya raba ta da karce, domin karce rami ne.

(b) Ɓallewa. Idan tsaga ta yi nisa, wani yanki na bakin hatimi yakan ɓalle gaba ɗaya. A wurin sai a ga dunƙulen azurfa marar zane a gefen kuɗin.

(c) Karon hatimai. Wani lokaci injin yakan buga alhali babu faifai a tsakani, sai hatiman biyu su yi karo, kowanne ya bar shatinsa a jikin ɗan'uwansa. Kuɗin da za su biyo baya sai a riƙa ganin inuwar zanen baya a fuska, ko ta fuska a baya.

(d) Guga. Domin a kawar da shatin karo ko tsatsa, ma'aikata sukan goge hatimi. Gugar takan bar ƙananan layuka masu tudu, wani lokaci kuma ta cinye wani siririn ɓangare na zanen ya ɓace.

Amfanin wannan kashi na biyu shi ne, yana nuna tsufan hatimi. Tsaga ba ta komawa baya, sai dai ta ƙaru. Saboda haka idan aka sami ƙwayoyi biyu daga hatimi ɗaya, wadda tsagarta ta fi tsawo ita aka buga daga baya.

3.4 Liyari a Matsayin Misali

Mariya Tarisa ta yi mulki daga 1740 zuwa rasuwarta a ranar 29 ga Nuwamba, 1780. An fara buga manyan kuɗin azurfa masu hotonta a 1741. Nauyin liyari giram 28.07 ne, kuma kashi 833 cikin 1,000 na nauyin azurfa ce, saura tagulla. Ke nan kowace ƙwaya tana ɗauke da kimanin giram 23.39 na azurfa zalla. Tun tana raye kuɗin suka sami karɓuwa a ƙasashen Daular Usmaniyya ta Turkiyya da gaɓar Bahar Maliya. Bayan rasuwarta fatake suka ci gaba da neman irin wanda suka saba da shi, don haka ɗanta Joseph na Biyu ya yarda a ci gaba da bugawa da shekarar 1780. A 1857 aka ayyana shi a matsayin kuɗin kasuwancin waje, a 1858 kuma ya daina zama kuɗin kashewa a cikin Ostiriya kanta. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kimanin miliyan 389, kuma har yanzu gidan buga kuɗi na Viyana yana buga shi.

Ta hanyar Tarabulus da Fezzan, da kuma hanyar gabas ta Wadai da Darfur, liyari ya iso Borno da ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya kuma tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Bayan kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912 da yaɗuwar kuɗin Turawa, liyari ya koma kayan ado da ajiya, ya kuma zama hanyar samun azurfa ga maƙeran fari.

Gidajen da suka buga liyari mai shekarar 1780 suna da yawa. A zamanin farko akwai Gunzburg da Viyana da Karlsburg da Prague da Milan da Venis. Gidan Gunzburg ya rufe a 1805 lokacin da yankin ya koma hannun Bavariya. A 1935 Ostiriya ta ba Italiya izinin buga liyari tare da hatimanta, sai aka shiga bugawa a birnin Rum domin yaƙin Habasha. Wannan ya sa wasu ƙasashe suka sassaƙa nasu hatiman ta hanyar kwaikwayon liyarin da ke hannunsu. Landan ta buga daga 1936 zuwa 1961. An kuma buga a Faris da Brussels da Birmingham, da kuma Bombai a farkon shekarun 1940 domin biyan buƙatun yaƙi a gabashin Afirka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gidaje na ƙarni na 20 da ya sanya alamarsa a jikin kuɗin. Saboda haka babu wata hanya ta raba su sai ta bambancin hatimi.

3.5 Wuraren da Ake Dubawa a Jikin Liyari

3.5.1 Haruffan Jami'an Gida

A ƙarƙashin hoton sarauniya akwai haruffa biyu, S.F. Su ne farkon sunayen jami'an gidan Gunzburg guda biyu, Schöbl da Faby. Samfurin Gunzburg ne ya fi karɓuwa a kasuwannin gabas, shi ya sa sauran gidaje suka kwaikwaye shi har da waɗannan haruffa. Don haka ganin S.F. ba ya tabbatar da cewa a Gunzburg aka buga kuɗin. Amma rashinsu alama ce mai muhimmanci. Bugun Viyana na farko yana ɗauke da I.C. da F.A. a baya, kusa da faratan mikiya, na Karlsburg kuwa A.H. da G.S. Duk liyari na gaskiya mai irin waɗannan haruffa tsohon bugu ne.

3.5.2 Rubutun Kewaye

Rubutun fuska a Latinanci yake, a taƙaice: M. THERESIA D. G. R. IMP. HU. BO. REG. Ma'anarsa ita ce, Mariya Tarisa, da yardar Allah sarauniyar Rumawa, sarauniyar Hungari da Bohimiya. Na baya kuwa yana ci gaba da jero muƙamanta na Ostiriya da Burgundi da Tirol, sannan shekarar 1780. Wurin da aka fi lura da shi shi ne kalmar Ostiriya. A yawancin tsofaffin bugu an rubuta AUST da harafin U, a sababbin bugu kuwa AVST da harafin V. Har ila yau ana duba girman haruffa, da ko ɗigon da ke tsakanin kalmomi a tsakiyar layi yake ko a ƙasa.

3.5.3 Maɓallin Kafaɗa da Kambi

Hoton da ke jikin liyari yana nuna sarauniya da mayafin takaba, wanda ta riƙa sanyawa bayan rasuwar mijinta a 1765. A kafaɗarta akwai maɓalli, a goshinta kuma akwai kambi mai ƙwayoyin lu'ulu'u. Ana duba siffar maɓallin, ko zagayayye ne ko mai siffar ƙwai, da ko an kewaye shi da lu'ulu'u, da kuma yawan ƙwayoyin. Sababbin bugun Viyana suna da maɓalli mai ƙwayoyi tara. Abin sha'awa a nan shi ne, fataken Habasha da na ƙasashen Larabawa sun riga masu tara kuɗi lura da wannan wuri. Sukan duba ƙwayoyin maɓalli kafin su karɓi liyari, idan sun shafe sai su rage masa daraja ko su ƙi karɓa, domin shafewar tana nuna kuɗin ya goge, nauyinsa ya ragu.

3.5.4 Mikiya da Garkuwa

A bayan liyari akwai mikiya mai kai biyu, da garkuwa a ƙirjinta wadda aka raba gida huɗu. A samfurin Gunzburg, gida na huɗu yana ɗauke da tambarin yankin Burgau, a bugun Viyana na farko kuwa tambarin Ostiriya ta Sama ne a wurin. Jelar mikiya ita ma tana da muhimmanci. Ana ƙirga gasun da ke tsakiyarta. Bugun Viyana na baya-baya yana da uku a tsakiya da ɗai-ɗai a gefe, abin da ake rubutawa 1-3-1. Bugun Landan kuwa yana da biyu a tsakiya, wato 1-2-1.

3.5.5 Alamar Giciye da Rubutun Baki

Bayan shekarar 1780 akwai wata alama mai kama da harafin X, wadda aka fara sanyawa a 1750 domin nuna sabon ma'aunin azurfa. Siffarta ta bambanta daga gida zuwa gida, ta fuskar tsawon hannuwanta da kaurinsu da ɗigon da ke gefenta. A bakin kuɗin kuma, wato kaurinsa, an rubuta IUSTITIA ET CLEMENTIA, ma'ana adalci da rangwame, tare da wasu zane-zane na ado. Asalin wannan rubutu shi ne hana mutane kankare azurfa daga baki. Tun da ƙarafa daban ake amfani da su wajen yin sa, zanen adon bakin yana taimakawa ƙwarai wajen raba gida da gida.

3.6 Matakan Bincike

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da ma'aunin nauyi mai nuna ɗaya bisa ɗari na giram, da ma'aunin faɗi, da fitila ɗaya da za a iya haskawa daga gefe. Hasken gefe ya fi na sama, domin shi ne yake fitar da inuwar ƙananan tudu. Ana riƙe kuɗin ta baki, a kan ƙyalle mai laushi. Matakan su ne kamar haka:

Na farko, a tabbatar kuɗin na gaskiya ne. A auna nauyinsa, a auna faɗinsa wanda yakan kama daga milimita 39 zuwa 42. Gogewa takan ɗan rage nauyi, amma ragi mai yawa abin tuhuma ne. Jabun da aka yi ta hanyar zubi yakan nuna ƙananan ramuka a fili, haruffansa ba su da kaifi, rubutun bakinsa kuma a dagule yake ko akwai layin haɗi a wurin. Babu amfanin neman hatimin kuɗin da ba a buga da hatimi ba.

Na biyu, a fara da manyan alamu, wato haruffan jami'ai da garkuwa da rubutun kewaye, domin a gane babban rukunin da kuɗin yake ciki.

Na uku, a koma kan ƙananan alamu, wato maɓalli da kambi da jela da giciye da baki, ana rubuta abin da aka gani ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe kundin jeri. Idan aka fara duba kundi, ido yakan ga abin da zuciya take so ta gani.

Na huɗu, a nemi alamun da suka keɓanta da hatimi guda, kamar tsaga ko shatin karo, a kwatanta da wata ƙwayar ko da hoto mai kyau.

Na biyar, a haɗa dukkan alamun a yanke hukunci. Alama guda ba ta isa hujja ba, domin gidaje biyu ko fiye suna iya tarayya a kanta. Misali, liyari mai S.F. da AVST da maɓalli mai lu'ulu'u da jela 1-3-1 yana iya zama na Viyana, yana kuma iya zama na Rum, tun da hatiman Viyana Italiya ta karɓa. Sai an ƙara da awon faɗi da duban baki kafin a karkata ga ɗaya.

Akwai kuma wata hanya mai zurfi wadda ake iya kira sarƙar hatimai. Hatimin fuska da na baya ba sa lalacewa lokaci ɗaya. Idan na baya ya fashe sai a sauya shi, na fuska ya ci gaba da aiki da sabon abokin gami. Idan aka ga fuska ta farko da baya na farko, sannan fuska ta farko da baya na biyu, sannan fuska ta biyu da baya na biyu, to an gane cewa duk a gida ɗaya aka yi su, kuma tsufan hatimi zai nuna wanne ya riga wanne.

3.7 Kundayen Jeri

Masana sun tsara waɗannan bambance-bambance sun ba kowanne lamba domin a riƙa magana da harshe ɗaya. Game da liyari, M. R. Broome ya wallafa nazarinsa a 1972, sannan Walter Hafner ya tsara kundin da ake amfani da lambobinsa masu farawa da harafin H. Game da dalar Morgan, ana amfani da lambobin VAM, sunan da aka harhaɗa daga sunayen Leroy Van Allen da A. George Mallis. Shi kuwa Al C. Overton a 1967 ya fitar da jerin rabin dala na Amurka na 1794 zuwa 1836, inda kowane gami na fuska da baya yake da lambarsa. Ya kamata a lura cewa tsarin Overton yana bin hatimi ɗai-ɗai, na Hafner kuwa ya fi karkata ga rukunin hatimai masu siffa ɗaya, saboda yawan liyarin da aka buga da tsawon zamanin da aka ɗauka ana buga shi.

3.8 Matsalolin da Ake Fuskanta

Babbar matsala ita ce gogewa. Maɓalli da kambi su ne wurare mafi tudu a fuskar liyari, don haka su ne suke fara shafewa, alhali su ne ake buƙatar ƙirgawa. Matsala ta biyu ta shafi liyarin da aka mayar kayan ado. Wanda aka huda ko aka liƙa masa kunne domin ratayawa yakan rasa wani ɓangare na rubutun baki, zafin wuta kuma yakan sauya launinsa, nauyinsa ma ya canza. Ta uku ita ce wanki. Al'adar goge azurfa da toka ko yashi ko lemon tsami tana sa ta ƙyalli, amma tana cinye siraran layukan tsaga da na guga waɗanda su ne shaidar hatimi, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Ta huɗu ita ce narkarwa. Wanda bai san bambanci ba yakan sayar da tsohon bugu a kan farashin nauyin azurfarsa, a narkar da shi a yi munduwa ko zobe. A ɗaya gefen kuma akwai mai sayen sabon bugu da tsada saboda ya ga 1780 a jikinsa. Dukkansu biyu rashin sanin hatimi ne ya jawo musu asara.

Ga mai nazarin tarihi kuwa, kuskuren ya fi na kuɗi girma. Idan aka ce wani liyari na gado ya zo gida tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, amma alamunsa suka nuna bugun Landan ne, to ba zai yiwu ya wuce 1936 a tsufa ba. Ta haka bambancin hatimi yake zama ma'aunin gwada labarin baka.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa bambancin hatimi alama ce da take maimaituwa a duk ƙwayoyin da hatimi ɗaya ya buga, kuma tana samuwa ne ko dai wajen ƙira ko a lokacin aiki. An nuna wuraren da ake dubawa a jikin liyari, da matakai biyar na bincike, da matsalolin da gogewa da huda da wanki da narkarwa suke haifarwa. An kuma ga cewa shekarar da ke jikin liyari ba ta nuna lokacin da aka buga shi, sai an haɗa alamu da dama kafin a kai ga gidan da ya fito da zamaninsa. A babi na gaba za a dubi matsayin liyari a kayan ado da sana'ar maƙeran fari a ƙasar Hausa.